Shingen Maiwada a Dajin Tungan Yisa

Shekarar da aka mayar da Minna babban birnin jiha, Maiwada ya riga ya yi shekara goma sha ɗaya yana aikin malamin daji. Ɗan unguwar Limawa ne, a nan aka yanke masa cibiya. Kakansa ya zo daga Kano tun zamanin da ake shimfiɗa hanyar jirgi, ya zauna bai koma ba. 'Yan'uwan Maiwada duk suna kasuwa, wasu teloli wasu 'yan tireda. Shi kaɗai ne ya kama aikin da ke kai mutum jeji, har ana yi masa ba'a a zaure ana ce masa angon kaɗanya. Bai damu ba. Mutum ne marar yawan magana, mai son a yi abu yadda aka ce a yi shi.

Aikin da aka ba shi a wannan shekara bai yi kama da aiki ba a idon mutane. Gaba da Gidan Kwano, a hanyar Bida, in ka saki titi ka yi tafiyar kamar mil huɗu, akwai wani daji da aka keɓe domin kiwo, ana ce masa dajin Tungan Yisa saboda ƙaramin ƙauyen da ke bakinsa. A cikin dajin aka auna fili goma sha biyu, kowanne taki ɗari a tsaye taki ɗari a kwance, aka kafa turakun ƙarfe a kusurwoyinsu. Duk shekara in ruwa ya ɗauke, Maiwada zai hau kekensa ya je ya ƙirga itatuwan da ke cikin kowane fili, ya rubuta. Manya daban, wato waɗanda hannu biyu ba ya zagaye gindinsu. Matasa daban, masu kaurin damtse. Sai ƙananan da ba su wuce gwiwa ba.

A can ya san Ardo Gidado, shugaban rugagen da ke dajin. Dattijo ne dogo, mai raunin ido ɗaya, wanda ya shekara ashirin yana kiwo a wurin. Ranar farko da ya tarar da Maiwada durƙushe yana auna wata 'yar taura da igiya, sai ya dogara sandarsa ya tsaya yana kallo har ya gaji.

"Malam," in ji shi, "mu shanu muke ƙirgawa, su ma a zuci, ba ma faɗa wa kowa. Kai kuwa itace kake ƙirgawa har da rubutawa. Gudu zai yi?"

Maiwada ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa. "Ardo, in ka shiga gari ka tarar da tsofaffi zalla, ba yaro ko ɗaya, ba mai ciki, me za ka ce?"

"Sai in ce garin ya mutu, jana'iza ce ta rage."

"To abin da nake dubawa ke nan. Wanda ya hango dajin nan daga titi zai ce lafiyarsa lau. Amma inuwar da yake gani ta kakanni ce. Ni jikokin nake nema."

Ardo ya dubi ƙasa gefen ƙafarsa. Daga ranar ya rage yi masa dariya, kuma duk lokacin da Maiwada ya zo sai an aiko masa da ƙwaryar kindirmo daga ruga.

A shekarar farko fili na bakwai yana da manya ɗari da tara, matasa saba'in da ɗaya. Bayan shekara huɗu manyan suka koma tamanin da shida, matasan kuwa ashirin da uku. Sauran filayen ma haka, wani ya fi wani muni. Ƙananan kan tsiro da damina, amma kafin bazara ba ka samun ko ɗaya: an cinye, an tattake.

Wata rana Maiwada ya faɗa wa Ardo kai tsaye cewa shanu sun yi wa dajin yawa. Ardo bai musa ba. Sai dai ya ce ya biyo shi, ya kai shi bayan wani tudu, inda suka tarar da kututture sun fi talatin, duk na ƙirya, ga ramukan gawayi baƙi ƙirin, ga sawun tayar mota.

"Wannan saniya ce ta yi?" in ji Ardo. "Tun da garinku ya zama na gwamna, kowa biredi yake ci, kowa gini yake yi. Sau nawa samarinmu suka kori mutanen nan da sanda? Ba don son daji muke korarsu ba, kada in yi maka ƙarya. Kawo da maɗobiya da maɗaci su ne abincin shanunmu da rani. In sun ƙare mun ƙare."

Maiwada ya rubuta wannan ma. Duk shekara yana kai rahotonsa ofis, a hannun mai gidansa a wurin aiki, Malam Ndatsu, mutumin Bida, mai fara'a da tsoron rigima. Malam Ndatsu zai karɓa, ya buɗe, ya ce, "Madalla, Maiwada, aikinka tsaf," ya sa a kabad.

Sai fari ya zo a farkon shekarun tamanin, ciwon bushiya ya biyo baya. Garkunan arewa suka gangaro ba iyaka, masu su ba su san Ardo ba, ba su san dajin ba. Aka sassabe rassan kawo har ƙololuwa, itatuwa suka tsaya tsirara kamar turakun waya. Shanun Ardo kansa sun mutu fiye da rabi. Da Maiwada ya gama ƙidayar wannan shekara, ya zauna a gindin wata ɗorawa ya daɗe bai iya hawa kekensa ba. A filaye huɗu ba matashin itace ko ɗaya.

A hanyar komawa gida ne dabara ta zo masa. In ƙasar ba ta mutu ba, hutu kawai take so. Kuma tun da takarda ba ta motsa kowa ba, sai ya nuna musu da ido.

Ya nemi wayar shinge a ofis, aka ce babu. Ya je wurin Ardo ya ce yana so ya kewaye fili na bakwai da shinge, kada dabba ta shiga har shekara uku. Ardo ya tauna maganar kwana biyu, sannan ya zo da kansa da gatari, da mutum shida daga ruga. Suka sari ƙaya, suka kafa bini-da-zugu, suka yi kwana tara suna aikin. Ardo ya kewaya rugage ya ce duk wanda saniyarsa ta keta shingen Malam, da shi ya yi.

Duk Asabar Maiwada yana can. Matarsa Barira takan ɗaure masa dafaffiyar doya da yaji a ganye, tana cewa, "Malam, mutane suna zuwa ɗaurin aure ranar Asabar, kai kana zuwa gaida ƙaya." Yakan yi murmushi ya tura kekensa waje.

Daminar farko ba a ga abin kirki ba. Ta biyu sai ga su. Ƙirya ta tsiro daga tsofaffin saiwoyi, maje ya fito jere-jere, taura da kanya da marke, har da 'yan kaɗanya masu jan ganye waɗanda ya shekara bai ga irinsu ba. Ƙasar cikin shingen ta yi duhu ta yi laushi, in ka tona da yatsa sai ka ga tsutsar tana. Bayan damina ta uku ya ƙirga matasa da ƙanana ɗari uku da arba'in, wasu sun kai masa kafaɗa. Ya ƙirga sau biyu don kada ya yi wa kansa ƙarya. Ranar da ya dawo gida Barira ta ce ba ta taɓa jin ya yi magana da yawa haka ba tun aurensu.

Ya zauna ya rubuta rahoto mai shafi biyar. A shafin farko ya kwatanta cikin shinge da wajensa. A sauran ya faɗi abin da yake gani ya kamata: a raba dajin gida huɗu, a riƙa hutar da kashi ɗaya shekara uku ana kiwo a ukun, makiyayan da kansu su tsare, kamar yadda suka tsare wannan. A hana motocin gawayi. Kada a kori shanu, domin su ne ke rage ciyawa, shi ya sa wutar daji ba ta yin ƙarfi. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin wannan.

Wannan karon Malam Ndatsu bai sa a kabad ba. Ya zo da kansa a motar ofis, tare da wasu baƙi biyu masu manyan riguna da mai ɗaukar hoto. Suka leƙa cikin shingen, suka dubi wajensa, suka yi ta jinjina kai. Ɗaya daga cikin baƙin ya tambayi faɗin dajin gaba ɗaya, da ko rafin yana ƙafewa da rani. Maiwada ya amsa masa dalla-dalla, yana jin daɗi an samu mai tambaya.

Bayan wata biyar aka kira shi ofis. Malam Ndatsu ya miƙa masa takarda ba tare da ya ɗago ido ba. An rubuta cewa binciken ƙwararru ya tabbatar shanu ne ke kashe dajin Tungan Yisa, don haka an ba makiyaya kwana arba'in su tashi.

"Ranka ya daɗe, ba haka na rubuta ba."

"Shafinka na farko ne, Maiwada. Ga lissafinka nan, ba a canza ko ɗigo ba."

"Sauran huɗun fa?"

Malam Ndatsu ya cire tabarau ya murza idanunsa. "Daga sama ta zo. Ni da kai duk 'yan aike ne. Kuma tun da kai ka san su, kai za ka kai musu. Gara kai da a tura 'yan sanda."

Maiwada ya yi kwana uku da takardar a aljihu. Ya yi tunanin ya ajiye aikin, amma ya san ko ya ajiye takardar za ta isa, ta hannun wanda ba zai ko yi sallama ba. Rana ta huɗu da hantsi ya tafi.

Ya tarar da Ardo zaune a kan buzu yana tufka igiya. Suka gaisa, aka kawo nono, Maiwada ya kasa sha. Ya karanta takardar, ya fassara, bai rage komai ba. Ardo ya ci gaba da tufkarsa har ya kai ƙarshen igiyar ya ƙulle.

"Su wane ne ƙwararrun?"

"Ni ne, Ardo."

"Da shingen nan aka yi hujja?"

"Da shi."

Ardo ya buɗe tafin hannunsa ya duba, kamar mai neman wani abu a ciki. "Da hannun nan na sare maka ƙayar."

"Wallahi ba abin da na rubuta ba ke nan. Na ce a bar ku. Na ja layi a ƙarƙashi."

"Na yarda, Malam. Da na ɗauka ka cuce ni da gangan, da abin ya fi mini sauƙi, sai in zage ka in huce." Ya ajiye igiyar. "Abu ɗaya zan tambaye ka. Ciyawar dajin nan, in mun tafi, wa zai ci?"

Maiwada ya naɗe takardar, Ardo ya ci gaba.

"To ka faɗa wa masu takarda, akwai mai ci. Ba ya kuwa tsoron shinge."

Ba su jira kwana arba'in ba. Cikin mako uku rugagen suka watse, aka kora shanu kudu, wajen kogi. Maiwada ya je ranar tafiyar ya tsaya daga nesa. Ardo ya ɗaga masa sanda sau ɗaya, ya juya.

Daminar wannan shekara ta yi kyau, abin da ya ƙara tayar masa da hankali. Gamba da ƙyara suka tashi har suka shanye mutum a tsaye. Ba saniyar da za ta rage, ba makiyayin da zai sa wuta da wuri tun ciyawa da sauran ɗanye, yadda suka saba yi ta ci sama-sama ta mutu. Motocin gawayi kuwa suka shiga dajin da rana tsaka, tun da ba mai ɗaga musu sanda. Maiwada ya rubuta yana neman leburori goma su share hanyar wuta. Ya sake rubutawa. Da bai ji amsa ba sai ya ɗauki hutunsa na shekara, ya sayi adda sabuwa, ya yi kwana goma sha shida yana share kewayen shingen shi kaɗai, faɗin taki biyar. Hannuwansa suka yi kanta suka fashe. Barira tana shafa masa man kaɗe da yamma, ba ta ƙara yi masa ba'ar ƙaya ba.

Wutar ta zo cikin watan biyu, ranar wata Talata. Masu farautar gyazbi ne suka sa ta daga gabashin dajin. Wani mai lodin doya ne ya tsaya a bakin ofis ya ce hayaƙi ya rufe hanyar Bida. Maiwada ya taka keke kamar zai karya shi. Tun kafin ya saki titi yake jin rugugin, kamar jirgin kaya yana tahowa. Da ya isa wutar ta fi tsayin ɗorawa, iska na ɗauke da guntayen ciyawa masu ci tana jefa su gaba. Ya karyi ɗanyen reshe ya tsaya a hanyar da ya share. Wutar ba ta ma taɓa hanyar ba, ta samansa ta wuce. Ya juya ya ga ciyawar cikin shingen ta kama a wuri uku lokaci ɗaya. Ya shiga yana bugu, rigarsa ta kama, wasu mutanen Tungan Yisa suka jawo shi waje suna birgima shi a ƙasa.

Ya yi mako biyu a kwance da ƙuna a kafaɗa da wuya. Da ya tashi ya koma ya ƙirga, domin aikinsa ne. Cikin ɗari uku da arba'in, goma sha ɗaya suka rage da rai. Tsofaffin kaɗanya da suka sha wuta shekara da shekaru ba ta yi musu komai ba, wannan karon ta cinye su har sama. Ya rubuta, ya kai. Malam Ndatsu ya karanta, ya ce, "Allah Ya kyauta," ya tambaye shi jiki.

Kafin damina aka sanar cewa tun da dajin ya riga ya lalace, an ba wani kamfanin noma shi domin a amfana. Ranar da aka kawo katafila, Maiwada ya ga ɗaya daga cikin baƙin nan masu manyan riguna tsaye a inuwar mota yana nuni da hannu. Katafila biyu suka ja sarƙa a tsakaninsu, abin da ya rage a tsaye ya kwanta. Masu gawayi suka bi baya. Cikin wata guda mutum na iya tsayawa a Tungan Yisa ya hango motoci a kan titi.

Kamfanin ya yi masara shekara biyu. Ta farko ta yi kyau, ta biyu ta tsaya iya gwiwa. A ta uku suka kwashe injinansu suka tafi. Ruwa ya wanke baƙar ƙasar ya zuba a rafi, ya bar jar tsakuwa wadda ko tsidau ba ya so. Rafin ya cike da yashi, ya koma ƙafewa tun watan ɗaya. Matan ƙauyen da a da suke tara ƙwarar kaɗanya a bayan gida suka koma sayen man a kasuwa, gidaje suka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya.

Tun da ba sauran abin ƙirgawa, aka mayar da Maiwada gandun renon itatuwa a cikin gari. Aikinsa ya cika leda da ƙasa, ya reni itacen turare da dalbejiya domin bikin dashen itace na shekara-shekara. Ranar biki a kafa rumfa, a zo da makaɗa, babban baƙo ya durƙusa ya dasa ɗaya, a zuba ruwa da buta mai fenti, a tafa. Bayan wata guda awaki sun gama da su. Shekarar farko da aka ce ya rubuta adadin waɗanda suka rayu, ya rubuta bakwai cikin ɗari. Da rahoton ya fito sai ya ga saba'in. Bai je ya tambaya ba. Shekara ta gaba aka ba wani rubutun.

Labarin Ardo a kara, kasuwar dabbobi, ya ji shi, a bakin wani dillalin shanu. Ya ce inda suka koma ba burtali, gonaki ne ko'ina, rigima ba ta ƙarewa, ciwon sammore kuma ya shiga garken. 'Ya'yan suka rarrabu, ɗaya yana gadi a Suleja. Dattijon ya rasu da damina a wata ruga ta surukinsa, da saniya huɗu. Maiwada ya tambayi sunan garin, dillalin ya ce ya manta. Ya koma gida ya gaya wa Barira. Ta yi salati, ta ce ko za su yi masa sadaka. Suka yi waina ranar Juma'a aka raba a ƙofar masallaci.

Ya yi ritaya a shekarar casa'in da uku. Ya koma zaman zaure a Limawa, yana sauraron rediyo, in an yi hira ya sa baki kaɗan. Unguwar ta cika, kowane gida ya fasa katanga ya fitar da shago.

Wata safiya maƙwabcinsa Alhaji Garba ya yi sallama. Akwai wata tsohuwar tsamiya a ƙofar gidansa, wadda rabin layin ke shan inuwarta da azahar. Ya ce zai fitar da shaguna biyu, tsamiyar ta tsaya a daidai wurin. Ya ɗauko masu sara, amma yana tsoron ta faɗa kan wayar lantarki ko kan rufin mutane.

"Malam, kai ne ka san kan itace. Don Allah ka zo ka duba mana."

Maiwada ya ce, "Alhaji, ba yadda za a ja ginin gefe kaɗan?"

"An riga an auna. Bulo ma yana hanya."

Barira tana jin su daga tsakar gida. Maiwada ya zauna jim kaɗan, sannan ya laluba takalmansa ya sa. Ya fita ya zagaya tsamiyar sau ɗaya, ya ɗaga kai ya dubi inda nauyinta ya karkata, ya dubi wayar. Ya ce a fara sauke manyan rassan gabas, a ɗaura igiya a can sama, a kawar da yara daga layin. Sannan ya dafa gindin da hannu, ya nuna musu inda za su sa gatari.